Awa 14 muka ɓata kafin mu kai shi asibiti: yadda kububuwa ta sari ƙanina a gonar waken suya

Tun da abin nan ya faru mutum uku suka kira ni suna tambayar ina muka samo allurar maciji, nawa muka saya, wane asibiti muka je, kuma duk ukun sai da abu ya riga ya ɓaci suke kira, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai tun daga gona har ranar da aka sallame mu, har da wautar da muka tafka da hannunmu, don ita ce ma ta fi yawa. Ni aikin jinga nake, ina da yara wajen goma sha biyu da nake ɗauka mu shiga gonakin mutane, da damina noma da zuba taki da feshi, da kaka kuma karyar masara da cirar waken suya da casa. Ƙanina da ke bi na yana cikinsu, uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma duk cikin yaran babu wanda ya kai shi zafin nama.

Ranar wata Talata ce a watan Nuwamban bara, muna wata gona a wajen garinmu Zariya, gaba da Dakace ta hanyar Soba. Waken an cire shi an tattara tsibi-tsibi ya kwana biyar yana shan rana, mu namu mu kwaso mu kai bakin injin casa. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san ƙarƙashin tsibin nan gidan ɓeraye ne, kuma inda ɓera ya tare mai cin ɓera na nan kusa, mun sani sarai amma saboda jinga ce kowa sauri yake a gama a raba kuɗi. Babu mai safar hannu a cikinmu, takalma kuwa silifas ne sai mutum biyu masu ɗan kambas. Wajen ƙarfe 10:30 na safe ya zura hannu ƙarƙashin wani tsibi zai rungumo, sai na ji ya ce Yaya wani abu ya soke ni, ya yarfe hannun. Ko ihu bai yi ba. Da aka ɗaga tsibin da kara sai ga ta a naɗe, 'yar ƙarama, tsawonta bai fi kamu biyu ba, kalar ƙasa da ɗigo-ɗigon fari a jiki, tana goga jikinta da jikinta tana wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kaskon da ya yi zafi. Wani dattijo da ke gadin gonar yana leƙowa ya ce innalillahi, kububuwa ce, gobe da nisa. Yara suka kashe ta, ɗaya ya ɗauki hotonta a waya, kuma wannan hoton shi ne kaɗai abin kirkin da muka yi a wannan safiyar.

Saran a bayan hannun dama ne kusa da ɗan yatsan da yake sa zoben azurfa, ɗigo biyu kamar na ƙaya. Nan take na kwance robar ɗaure kaya daga bayan mashin na tamke masa dantse iya ƙarfina, wai kar dafi ya hau. Dattijon nan ya ciro reza ya yi tsaga uku a wurin, ya matsa jini ya fita, har wani yaro ya sa baki ya tsotsa ya tofar. Ni na ce a tafi asibiti, gaskiya na faɗa, amma da sanyin murya na faɗa, dattijon ya ce ɗana ba a kai saran igiyar ƙasa asibiti, da an yi masa allura shi kenan, akwai mai magani a ƙauyen gaba tun kakansa suke wannan aiki. Ni kuma lissafin aljihuna nake, dubu tara ce a jikina. Muka ɗora shi a mashin muka tafi ƙauyen. Mai maganin mutum ne mai fara'a, bai wulaƙanta mu ba, ya kwance robar bayan ta yi kusan awa biyu hannun har ya yi baƙi ya yi sanyi, ya manna baƙin dutse a wurin tsagar, ya dama wani gari a ƙoƙo ya ba shi ya sha, yaro ya yi ta kwarara amai, ya ce to alhamdulillahi dafin ne ke fita. Muka zauna a zaurensa har bayan la'asar, dutsen ya faɗi da kansa, ya ce ya gama zuƙewa. Dubu 7 muka ba shi, ya ce kar yaron ya ci nama kwana uku.

Abin da ya yaudare mu shi ne yaron yana magana, yana tafiya da ƙafarsa, har yana tsokanar abokansa. Hannun ne kawai ya kumbura zuwa gwiwar hannu, zoben ya nutse cikin nama, sai kaluluwa da ta fito masa a hammata. Muka dawo gida Tudun Wada dab da magariba. Bayan isha'i ya ce zugi ya hana shi sakat, na raka shi kemis ɗin unguwa, mai kemis ya yi masa allurar kashe zafi a ɗuwawu ya haɗa masa da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac, dubu 2 da 500. Wajen 11 na dare Inna ta buga min ƙofa ta ce zo ka ga ɗan'uwanka. Na haska tocila, tsumman da aka naɗe hannun ya jiƙe sharkaf, tsagar rezar nan uku da ya kamata a ce sun bushe tun rana suna ta tsattsafo da jini kamar yanzu aka yi su, ya tofar da yawu na ga ja, na ce buɗe bakinka, dasashinsa duk jini ne ke bin tsakanin haƙora. Wurin allurar kemis ya yi tulu kamar an cusa masa lemo a ƙarƙashin fata. Har wani tsohon ƙurji a ƙwaurinsa da ya warke tun sati biyu ya buɗe. A nan ne jikina ya mutu, na gane sunan nan gobe da nisa ba don ado aka sa mata ba.

Muka tashi maƙwabcinmu mai keke napep, dubu 6 ya ce kuma ban yi ciniki ba. Mun fara tsayawa a wani ƙaramin asibiti da ke kusa don tunanina ko ina ne dai asibiti asibiti ne. Nas ɗin da ke aikin dare ta duba bakinsa kawai ta ce Malam ba mu da allurar nan, ba mu taɓa ajiye ta ba, kar ku ɓata lokaci a nan. Ta rubuta mana 'yar takardar turawa, ta sa lokacin da aka sare shi da abin da aka yi masa, ta ɗaure hannun da bandeji sama-sama ta rataya masa a wuya, ba ta karɓi ko sisi ba. Takardar nan ta yi amfani sosai don da muka isa babban asibitin, wajen 12:30 na dare, ita na miƙa a imajansi aka shigar da shi kai tsaye, ni kuma aka ce in je in yanki kati in buɗe fayil. Tagar biyan kuɗi daban, tagar kati daban, mai karɓar kuɗin sai da na ƙwanƙwasa gilashi ya farka, netwok ɗin POS ya ƙi, Allah ya sa akwai tsabar kuɗi a aljihun maƙwabcina ya ranta min dubu 3. Duk wanda zai je asibiti da dare ya riƙe kuɗi a hannu, kar ya dogara da transfa, wannan na koya a tsaye a gaban taga ina jin kamar in fasa ta.

Da na dawo na tarar da wani matashin likita a kansa, ya tambaye ni ƙarfe nawa, wane irin maciji, me da me aka yi. Na nuna hoton, ya ƙara girmansa ya duba ya gyaɗa kai, ya ce hoto ya wadatar, kuma ko babu hoton ma jikin mara lafiya zai gaya musu, kar wani ya sake bin maciji don a kawo shi asibiti, garin haka ake samun sara na biyu. Da na zo kan roba da reza da allurar kemis sai na ga ya ajiye biro ya dube ni, bai yi faɗa ba, wallahi da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Aka kawo wani ɗan abin yanka aka datse zoben. Sannan ya ɗebi jini kaɗan daga ɗaya hannun ya zuba a wata 'yar kwalbar gilashi sabuwa busasshiya, ya jingine ta a kan tebur, ya duba agogo ya ce kar kowa ya taɓa, minti 20. Na tsaya ina kallon kwalbar nan kamar ita ce alƙali. Da lokaci ya cika ya ɗauka ya karkata ta a hankali, jinin ya gangaro kamar zoɓo, ko alamar daskarewa babu. Ya ce ka gani, jinin mai lafiya da yanzu ya kama ya zama guda, dafin kububuwa cinye sinadaran da ke daskarar da jini yake, shi ya sa duk inda aka huda ba ya tsayawa, kuma abin da muke tsoro ba wanda kake gani ba ne, wanda zai zuba a cikin kai ko cikin ciki ne. Daga baya da hankali ya kwanta shi ne yake ba ni labari cewa gwajin kwalbar nan da ake yi a ƙasashe da yawa yana da tarihi da garin nan, wani likita ɗan Ingila, David Warrell, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, kuma a binciken da shi da abokan aikinsa suka yi kan saran kububuwa a arewacin Nijeriya, wanda aka buga a 1977, aka bayyana shi. Na ce ikon Allah, abu a garinmu, ni ɗan Zariya ina yawo da baƙin dutse.

Sai aka zo kan maganar da ta fi komai wuya. Ya rubuta takarda biyu, ɗaya ta kayan aiki, ruwan ƙari da sirinji da safar hannu da auduga da wasu allurai na ko-ta-kwana, wannan na samu a famasin asibitin dubu 16. Ɗayar ya rubuta ASV, wato allurar kashe dafin, mai famasi ya duba ya ce ta ƙare, sai dai waje. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare, ina ne waje? Ya taimaka ya ba ni lambobi uku. Ta farko a kashe, ta biyu ya ɗauka ya ce ba shi da ita, ta uku ya ce yana da ita a firij a shagonsa a Sabon Gari amma ba ya fita da dare, in bari sai an yi asuba. Ina tsaye a baranda sai wani mutum da ya ji ina waya ya matso ya ce yana da wanda zai kawo yanzu, kwalba dubu 35. Na ji kamar an sauke min dutse, cikin minti 40 sai ga wani a mashin da kwali a leda. Allah ya taimake ni ban biya ba na ce bari likita ya gani. Likitan ya juya kwalin ya karanta ƙananan rubutun da ke baya, ya nuna min da yatsa ya ce karanta sunayen macizan nan, duk na Indiya ne, an yi ta ne da dafin macizan can, kububuwarmu daban ce, in ka saya ka zubar da kuɗinka kuma jininsa ba zai kama ba. Ya ce duk allurar da za ka saya ka nemi sunan Echis ocellatus a jikin kwalin, shi ne sunan kububuwa a wurin masana, ya rubuta min a bayan rasit. Mai kwalin ya yi ta ƙunƙuni wai mun tashe shi a banza, na ba shi dubu ɗaya na mai ya tafi.

Waɗanda ya ce an yi su don macizanmu guda biyu ne da ya fi sani, EchiTAbG da aka yi a Birtaniya da jinin tumaki, ita kububuwa kaɗai take kamawa, da EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika da jinin dawaki, ita kuma ta haɗa kububuwa da kasa da kumurci. Abin mamaki dafin da aka yi su da shi na macizan Nijeriya ne da aka kwasa aka kai Liverpool, ita dai wadda muke kallon ƙwallonta, ake tatsa a can. Wato macijin namu ne, maganin kuma sai an shigo da shi da dala, shi ya sa farashin ba ya zama wuri ɗaya. Mai shagon Sabon Gari ta biyun yake da ita, kwalba dubu 95 a lokacin, kuma likita ya ce uku ake farawa da su a tashi ɗaya, dubu 285 kenan, alhali jingar gonar gaba ɗaya da mu goma sha uku za mu raba dubu 180 ce. Kar wani ya riƙe wannan farashin, na ji ya sauya tun daga lokacin. Tsakanin ƙarfe biyu da asuba babu wanda ban kira ba. Alhajin da muke wa aiki ya ɗauka a kira na huɗu, na ce Alhaji yaronka ne maciji ya sara a gonarka, ya yi salati ya ce nawa ake nema, ya turo dubu 100 ya ce a cire a kuɗin jinga. Kawunmu ya turo 50, yayarmu da ke aure a Samaru ta ce a zo a ɗauki keken ɗinkinta, wani abokina mai POS ya ba ni sauran bisa amanar zan kawo masa takardun mashin ɗina. Wani ɗan'uwa a waya ya ce mu ɗauke shi mu tafi Kaltungo a jihar Gombe inda akwai asibitin da aka ware musamman don saran maciji, gaskiya ne akwai shi, akwai kuma na Zamko a Filato da su ma sun saba da wannan aiki, amma likitan ya ce da mutumin da jininsa ba ya daskarewa ba za ka kama doguwar hanya irin wannan kana faɗawa ramuka ba matuƙar akwai allurar a gari.

Ana sallame sallar asuba ina ƙofar shagon. Ya ciro kwalabe uku daga firij, na duba sunan da aka rubuta min harafi bayan harafi, na duba ranar lalacewa, ya sa min a 'yar kula da ƙanƙara ya ba ni rasit. Ƙarfe 6:30 aka juye su cikin ledar ruwa aka fara sa masa a jijiya a hankali, awa 20 cif bayan saran. Na tambayi likita ko mun makara, ya ce muddin jinin bai kama ba allurar na aiki ko bayan kwanaki ne, don haka kar wanda ya ce ai an kwana biyu ba amfanin zuwa. Sista ɗaya ta ja kujera ta zauna a gefensa da wata allura a zuƙe a sirinji, ashe adrenaline ce, allurar gaggawa da ake yi in jiki ya ƙi karɓar maganin. Bai fi minti 15 ba yaro ya fara susa, borin jini ya feso masa a wuya da ƙirji, yana rawar sanyi yana tari, na rikice na ce Sista kashe shi za a yi, maganar dattijon gona ta dawo min. Ta ce Malam koma baya, ta tsayar da ruwan, ta yi masa allurar, aka kira likita, cikin ɗan lokaci abin ya lafa aka ci gaba a hankali har ya ƙare. Ta ce jikin wasu yana yin haka don daga jinin dabba aka samo maganin, kuma wannan ne dalilin da ba a yin ta a gida ko a kemis ko da mutum na da kuɗin saye, dole sai inda za a iya tarar wannan rikicin.

Kafin ƙarfe tara jinin dasashin ya tsaya, amma suka ce ba a murna sai an sake gwajin kwalba bayan awa shida, in bai kama ba sai an ƙaro wasu ukun. Ban taɓa ganin awa shida mai tsawon wannan ba, don na san ko za a yanka ni ba ni da wata dubu 285. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi aka ɗebi jinin, minti 20, ya karkata kwalbar, jinin ya tsaya cak a gindinta kamar kamu ya kwanta. Inna da ba ta san me ake dubawa ba ganin fuskata kawai ta yi ta fashe da kuka. Bayan nan ne aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai sai an ƙara masa leda biyu. Na ce me ya sa ba a ƙara tun dare ba, likitan ya ce in dafin na nan da ƙarfinsa ƙarin jini zuba ruwa a kwando ne. Ɗakin jini su ma da tsarinsu, sai ka kawo masu bayarwa, ni da yaro ɗaya cikin 'yan jingarmu muka bayar, kuɗin tantancewa da leda dubu 24. Aka yi gwajin ƙoda da na fitsari da na yawan jini har sau biyu, dubu 21, kowanne sai ka je ka biya ka kawo rasit sannan a ɗiba, sannan ka koma ka karɓo sakamako da kanka. Ka samu leda ɗaya ka dinga tara duk wata takarda, ni na yar da rasit ɗaya sai da na sake biya. Allurar tetanus ma sai da jinin ya kama aka yi masa, saboda dalilin da ya sa ta kemis ta zame mana masifa.

Kwana shida muka yi a ɗakin maza. Saran kansa bai ba da wahala ba, abin da ya ba da wahala aikin hannunmu ne. Tsagar reza ta yi ruwa sai wanki kullum da maganin kashe ƙwayoyin cuta, inda na ɗaure da roba fata ta saɓule, yatsu biyu sun yi sati uku ba ya jin su sosai, likitan ƙashi da ya zo dubawa ya ce da robar ta ƙara wasu awanni da wata maganar ake yi ba wannan ba. Kumburin ɗuwawu ya hana shi kwanciyar rigingine. Paracetamol kawai suke ba shi don zafi, suka ce su aspirin da ibuprofen da diclofenac ƙara tsinka jini suke. A zaman nan na yi ta yi wa Sista tambayoyi har ta fara ce min ɗan jarida. Na ce to mai maganin ƙauye fa, mutane da yawa sun rantse ya warkar da su. Ta ce ba ƙarya suke ba, macizai da yawa ba su da dafin kisa, kuma mai dafin ma wani lokaci yana sara bai zuba komai ba, irin waɗannan ko ruwan randa ka ba su za su tashi, sai a ce magani ya ci, wanda kuma dafin ya shiga da gaske sai a ce kwana ne ya ƙare. Wannan maganar ta zauna min, don ban da amsar da zan ba ta. Ta ce kuma ba duka ke zuwa da jini ba, kasa kumburi take sa wa mai tsanani har nama ya ruɓe, kumurci yana tofi a ido kuma yana shiga ɗaki da dare ya sari mai barci a ƙasa, in ya tofa maka ka yi ta wanke idon da ruwa mai yawa ka taho asibiti, gamsheƙa kuwa jijiyoyi take kashewa, in ka ga fatar idon mutum na sauka kamar mai gyangyaɗi, yawu na dalala, magana na sarƙewa, to numfashi ne zai tsaya, a kwantar da shi ta gefe a yi gudu da shi.

Ranar sallama sai da na zaga wurare huɗu, a lissafa kuɗin gado da wankin ciwo, a biya, a kai famasi su sa hannu, a dawo wa Sista ta ba da takardar fita da ta ranar dawowa, dubu 45 ya kama har da magungunan gida. Da na zauna na tara rasit gaba ɗaya abin ya haura dubu 400, ban da abinci da kuɗin mota. Sun gargaɗe mu cewa bayan sati ɗaya zuwa biyu zai iya yin zazzaɓi da ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi saboda allurar, haka kuwa aka yi a kwana na tara, muka koma aka ba shi ƙwayoyi na kwana biyar ya wuce, da ba a faɗa mana ba da mun ce dafin ne ya dawo mu sake komawa ƙauye. Wani abokina ma'aikacin gwamnati ya ce ai akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ta 2010, hukumar NSITF ke kula da ita, na ce wannan ai sai wanda aka yi wa rajista, mu da ake ɗauka a bakin titi da safe a sallame mu da yamma ko sunanmu ba a rubuta ba wa zai biya mu. Shi ya sa yanzu kafin in karɓi jinga nake faɗa wa mai gona a gaban shaida cewa in abu ya sari yaro a gonarsa da shi za a yi jinya, wasu su yarda wasu su ce in tafi, na rasa aiki biyu a kan haka.

Na ji a rediyo ana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci tun 2017, kuma mutum dubu 81 zuwa dubu 138 ke mutuwa da shi duk shekara a duniya, yawancinsu irinmu ne, manoma da makiyaya da masu itace. Da za a mayar da ni safiyar Talatar nan, abin da zan yi bai fi a ƙirga da yatsu ba, in janye shi daga wurin, in zare zoben tun hannun bai kumbura ba, in sa kara in tallafe hannun kar ya dinga motsi, in ɗora shi a mashin wani ya riƙe shi ta baya, muna tafe ina kiran waya ina tambayar inda allurar take, da kafin azahar muna gaban likita da rana tsaka, shaguna a buɗe, banki a buɗe, ba tsagar da za ta yi ruwa ba ledar jini biyu. Lambar mai shagon nan da ta Sista yanzu suna wayata da wayar yara uku.

Da kakar bana ta zo na je kasuwar Sabon Gari na sayo rambut ƙafa shida da safar hannu ta fata irin ta masu walda, ba su isa kowa ba ana karɓa-karɓa, masu kwasar tsibi su ke sawa. Dokar da na kafa ita ce ba mai zura hannu ƙarƙashin tsibi ko dami sai an juya shi da doguwar sanda, kuma wanda zai zaga bayan gari da asuba ya riƙe tocila. Yaran suna ƙorafi wai rambut zafi, wai sanda na rage sauri, ranar farko ma na kama biyu sun cire sun rataya a bishiya. Ƙanina ne ya je ya tsinko musu, bai ce komai ba ya naɗe hannun riga ya nuna musu dantsensa. Ɗigo biyun da kububuwar ta yi sun ɓace tuni sai ka ƙura ido, amma zanen robata na nan ya zagaye hannun kamar awarwaro. Keken ɗinkin yayarmu mun karɓo mata a watan azumi, mai POS kuma saura dubu 40 yake bi na, takardun mashin ɗin har yanzu suna wurinsa.